A samu barci a rasa lissafi? Maganar man wiwi da ke yawo a Maje



A zamanmu na ƙarshen wata, bayan an gama maganar kwalbati da kuɗin 'yan sintiri, wani dattijo daga cikinmu ya ɗaga hannu. Ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, da abin ɗigawa irin na maganin ido. Ya ce ɗansa ne ya sayo masa ta waya bayan ya shafe wata uku barci yana gagarar sa. An ce musu "man ganye" ne daga waje, ɗigo uku a ƙarƙashin harshe kafin a kwanta. Barci kam ya samu, bai ɓoye ba. Amma a mako guda sau biyu yana rikicewa a raka'o'in Azahar, kuma a shagonsa ya ba wani yaro canji har sau biyu, ba don yaron mai amana ba ne da shi ke nan. Tambayar Baba ita ce: man nan ne, ko tsufa ne, ko kuwa rashin barcin ne ya riga ya yi masa ɓarna?

Ya ba mu izinin kawo labarin ba tare da suna ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Kafin a tashi, mutum biyu sun same mu a gefe sun ce su ma an yi musu tallar irin wannan kwalba a WhatsApp.

Zauren ya rabu biyu a ranar. Wasu suka ce a'uzu billahi, wiwi ce, a zubar a rufe maganar. Wasu suka ce ai Turawa sun halatta, likitoci ma suna rubutawa, mu ne kullum a baya. Aka ɗora wa ofishin sakatare ya bincika, muka zauna da 'yan uwanmu biyu da ke aikin lafiya, ɗaya mai haɗa magunguna, ɗaya ma'aikaciyar jinya. Ga abin da muka fahimta, da kuma inda muka tsaya.

Ko da wane suna mai talla ya kira shi, daga tabar wiwi ake tatso man nan. A ganyen akwai sinadarai masu yawa, amma biyu ake yawan magana a kansu. Akwai THC, shi ne mai bugarwa. Akwai CBD, wanda ba ya bugarwa, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani da aka yi da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani. To wanda ya ce akwai magani a jikin ganyen bai yi ƙarya ba. Sai dai maganin farfaɗiya daban, kwalbar da ɗan aike ya kawo a leda daban.

Abin da Baba ya yi kuka da shi ba mantuwa ba ce irin ta manta sunan garinku ko Fatiha. Wani ɓangare ne na aikin ƙwaƙwalwa da masana suka ware da sunansa, mu kira shi allon ƙwaƙwalwa, don aikinsa kamar na allon makaranta ne: a rubuta, a yi amfani da shi, a wanke. A kansa kake riƙe lambar asusun da aka karanto maka har ka gama dannawa. A kansa mai shago ke riƙe cewa an ba shi dubu biyar, kaya na dubu uku da ɗari biyu ne, ga wata tana tambayar farashin manja. A kansa direba ke riƙe cewa akwai babur a damansa yayin da yake duba madubin hagu. Da shi ake sanin raka'a ta nawa ake. Allon nan ƙarami ne ƙwarai, abu kamar huɗu yake ɗauka a lokaci guda ga yawancin mutane. In ya ƙara tsukewa, mutum yana nan da hankalinsa, yana hira, yana dariya, amma lissafi yana zubewa ta ƙasa bai sani ba. Kuma babu gardama tsakanin masana cewa THC, muddin yana aiki a jiki, yana tsuke wannan allo.

Sai mu yi adalci ga masu cewa likitoci suna gwadawa, domin gaskiya ne. A Ostireliya, inda doka ta ba likita damar rubuta shi, an yi gwaje-gwaje a kan masu rashin barci. A birnin Perth, a wani bincike da aka wallafa a 2021, mutum 24 suka shiga, aka ba su man na sati 2, kuma sun ce barcinsu ya gyaru fiye da lokacin da aka ba su man da babu komai a ciki. A lura dai, kamfanin da ke haɗa man ne ya ɗauki nauyin binciken. A Sydney kuma an kwantar da mutum 20 a ɗakin gwaji, aka ba su miligiram 10 na THC haɗe da 200 na CBD, dare ɗaya, aka liƙa musu na'ura a kai. Washegari aka gwada lissafinsu da hankalinsu da tuƙi a na'urar kwaikwayon mota, ba a ga wani tawaya na a zo a gani ba. Wannan shi ne labarin da masu talla suke so, kuma shi suke yankowa su tura wa mutane.

Abin da ba sa turawa shi ne sauran sakamakon. A wannan gwaji na Sydney na'ura ta nuna barcin mutanen bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi da kusan minti 25, kuma kashin barcin da ake mafarki a cikinsa ya ragu da kusan rabin awa. Wato mutum yana iya jin kamar an kashe shi an tashe shi, alhali barcin da ya yi ba cikakke ba ne. Sannan mutum 20, dare ɗaya. Mutum 24, sati biyu. Baba ya kusa wata biyu yana ɗigawa kullum.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne lokaci. Waɗancan mutane an bar su sun kwanta dare cikakke, ba a gwada su ba sai bayan awa tara ko fiye da shan man. Wane ne a Maje yake da awa tara? Mai aiki a Abuja ya dawo ƙarfe tara na dare bayan ya sha cunkoson Zuba da Madalla, ya ci abinci, ya kwanta sha ɗaya, ƙarfe huɗu da rabi yana bakin titi ko yana riƙe da sitiyari. Awa biyar da rabi ke nan. Direban tanka da ke jiran layi a daffo, ana iya buga masa ƙofa a kowane lokaci a ce ya matsa. Mai shayi da mai ƙosai tun kafin kiran assalatu suna gaban wuta. Shi kuwa man da aka haɗiya ba kamar hayaƙi ba ne: yana jinkirin kamawa, wani lokaci awa ɗaya zuwa biyu, yana kuma jinkirin saki. Masu bincike na Jami'ar Sydney da suka tattara nazarce-nazarce 80 a 2021 sun ce tawayar da THC ke jawowa tana iya kai wa awa 10 idan an haɗiya da yawa. Ga kuma tarkon jinkirin: mutum ya ɗiga uku, ya jira rabin awa bai ji komai ba, ya ƙara uku. Duka shidan za su same shi ne a lokacin da ya kamata ya fara shirin fita. Binciken da ya ce "washegari lafiya lau" ba da irin washegarinmu aka yi shi ba.

Sai maganar abin da ke cikin kwalbar. A ɗakin gwaji an san miligiram nawa ne a kowane ɗigo. A Amurka kanta, a 2017, masu bincike sun sayi kayan CBD iri 84 ta intanet suka auna, kusan kashi 31 cikin 100 ne kawai abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta a jiki, kuma an sami THC a cikin 18 daga cikinsu. Wannan a ƙasar da ake iya kai kamfani kotu ke nan. To ina ga kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC, ba adireshi, mai sayarwa kuma lambar waya ce kawai da hoton ganye? Kwalbar Baba an rubuta mata "ba ya bugarwa". Wa ya auna? Ba mu manta da akuskura ba, wadda aka riƙa sayarwa a matsayin maganin gargajiya na basir da ciwon kai da komai da komai, sai a 2022 hukumar NDLEA ta fito ta yi gargaɗi cewa haɗi ne da taba da wiwi a ciki, bayan an ga matasa suna shaƙa suna faɗuwa suna shure-shure. Ba mu manta da kodin ba, wanda ya shiga gidajenmu da sunan maganin tari, ya kama matan aure da 'yan mata, har gwamnati ta hana shi a watan Mayun 2018. Kowannensu da rigar magani ya shigo.

Game da wanda ya daɗe yana sha, akwai wani babban nazari da Jami'ar Colorado ta jagoranta, aka wallafa a watan Janairun 2025. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar matasa 1,003 masu shekara 22 zuwa 36 suna cikin yin ayyuka iri-iri. A cikin waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 1,000 a rayuwarsu, kashi 63 cikin 100 an ga aikin ƙwaƙwalwarsu ya yi ƙasa a daidai gwajin allon nan da muke magana. Gaskiya ne wannan nazari a kan masu shan wiwi ne gaba ɗaya, ba masu ɗiga mai don barci ba, kuma ganin abu biyu tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Amma a yi lissafi: wanda yake ɗigawa kowane dare, kafin shekara uku ya wuce sau dubu.

Kuma zai ɗiga kowane dare, domin nan ne cinikin yake. Jiki yana sabawa, ɗigo uku su koma biyar. Ranar da mutum ya ce ya bari, alamar farko da ke tasowa ita ce rashin barci, da munanan mafarkai, da saurin fushi, wani lokaci na tsawon makonni. Sai ya ce ka gani, ashe da gaske maganina ne. Ya koma ya saya. Abin da ya saya don ya kore shi, yanzu shi ne yake tsare da shi a ƙofar mai sayarwa.

To mu koma tambayar Baba. Rashin barci shi kansa yana tsuke allon ƙwaƙwalwa, wannan ma tabbatacce ne, kuma duk wanda ya taɓa kwana a gidan biki ko jinya ya tafi aiki washegari ya san haka ba sai an karanta masa ba. Shi ya sa ba mu yarda da masu cewa a zubar a rufe maganar ba. In ka karɓe kwalbar ka bar mutum da idonsa biyu har asuba, ba ka yi masa komai ba, gobe zai tafi kemis ya sayi baliyam ko rochi ba tare da takardar likita ba, waɗanda su ma suna cin ƙwaƙwalwa suna kuma kama mutum. Tsine wa mai sha abu ne mai sauƙi. Tambayar da ba ma son yi ita ce: me ya hana shi barci tun farko?

Da 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya ta zauna da Baba, sai ga shi jininsa ya hau sosai bai sani ba, yana tashi fitsari sau uku a dare, yana cin goro har bayan Isha'i, ga shayi mai kauri a majalisa. Iyalinsa kuma suka ce yana munshari har numfashinsa ya ɗauke ya dawo da firgita. Wannan na ƙarshe ciwo ne mai zaman kansa, kuma ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fito tun 2018 ta ce kada a yi maganinsa da wiwi. An tura shi asibiti. Sati biyun farko bayan ya ajiye kwalbar ya sha wuya, ya ce har ya yi niyyar aika ɗansa ya ƙaro. Yanzu canji ya daina kuɓuce masa. Barcin dai har yau ana lallaɓawa, wani dare a samu, wani dare a rasa.

In muka duba unguwa, dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Zafin watan Maris da Afrilu a ɗaki mai rufin kwano babu wuta. Janaretan maƙwabci. Sauro. Ƙarar manyan motoci da ba ta yankewa a kan titi. Waya a hannu har ƙarfe ɗaya. Lemon ƙara kuzari da matasanmu masu babur da Keke suke kwankwaɗa da yamma, wasu da tiramol a kai, sannan su nemi abin da zai kwantar da su da dare, safiya ta yi su nemi abin da zai tashe su. Bashi, kuɗin haya, kuɗin makaranta. Akwai kuma wanda ba a faɗa. Tun bayan gobarar tankar mai a mahaɗar Dikko ranar 18 ga Janairun 2025, wadda ta ci rayuka sama da 80, akwai mutanenmu da suka je wurin, suka ga abin da suka gani, suka ɗauki gawa, waɗanda har yau in sun rufe ido abin yake dawo musu. Irin wannan ba ɗigon mai yake nema ba, yana neman wanda zai saurare shi da likitan da ya san aikin. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne, mu daina faɗa wa juna haka.

Abin mamaki, maganin da ƙungiyoyin likitoci suka sa a gaba ga rashin barci mai daɗewa ba ƙwaya ba ce, ba mai ba ne. Horo ne na sauya ɗabi'ar kwanciya da tunanin da ke zuwa da ita, na 'yan makonni: tashi a lokaci ɗaya kullum ko an yi barci ko ba a yi ba, kada a kwanta sai barci ya zo, in an daɗe ana juyi a tashi a zauna har ya dawo, a taƙaita ƙailula, a bar goro da shayi da kofi tun da rana. Yana da wuya a makon farko, kuma mun san mai ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar ba kowace shawara ce zai iya bi ba. Mun kuma san a asibitocinmu likita ɗaya da layin mutum hamsin ba shi da lokacin wannan zama, sau da yawa ƙwaya zai rubuta ya kira na gaba. Wannan giɓi shi masu kwalba suka gani suka shigo ta cikinsa. Duk da haka gara a fara da Babban Asibitin Suleja a auna jini da suga, in abin ya wuce nan a nemi a tura mutum asibitin koyarwa na Gwagwalada ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Masu cewa "an halatta" kuma, a yi hattara. Gaskiya ne a watan Disambar 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafi tsanani, da ƙuri'a 27 a kan 25, kuma Najeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Gaskiya ne marigayi Rotimi Akeredolu, lokacin yana gwamnan Ondo, ya je Tailan a 2019 ya dawo yana kiran a noma ta don magani da kuɗin shiga. Ita Tailan ɗin ta sake ta a 2022, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. A nan gida, shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa mai ritaya, ya faɗa a wani taron masana kimiyya a Abuja a watan Oktoban 2025 cewa hukumarsa ba ta adawa da fitar da man wiwi waje ƙarƙashin sa ido, amma ba ta yarda a sha shi a cikin ƙasa ba. Wasu sun ji rabin farko suka bar na biyu. Dokar NDLEA tana nan yadda take: wanda aka kama da ita ko yana sha, hukuncin yana kai shekara 15 zuwa 25, mai sayarwa kuwa har ɗaurin rai da rai. Kwalba mai kyau da rubutun Turanci ba ta canza wannan. Yaron da ya karɓo wa mahaifinsa saƙo a tasha don tausayi, shi za a fara riƙewa.

Mu ba mu ƙi a yi bincike ba. Ƙasar da binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 suna shan wiwi a cikinta ta fi kowa buƙatar jami'o'inta su san abin da ganyen ke yi wa mutanenta. In wata rana aka fito da magani aunanne, mai lamba, wanda likita zai rubuta ya kuma ce kada ka yi tuƙi sai bayan awa kaza, sai a sake zama, a tambayi likitoci, a tambayi malamai. Abin da ke yawo a wayoyinmu yau ba shi ba ne, kuma matsayinmu a kansa shi ne kada a saya, kada a tura wa wani, kada a sayo wa iyaye. Mai shan maganin farfaɗiya ko na tsinka jini ya ƙara kiyayewa, domin ko CBD zalla yana shafar yadda hanta ke sarrafa irin waɗannan magunguna. Mai ciki da mai shayarwa kuwa ba ma a magana.

Kwamitin zartarwa ya amince cewa daga yau duk tallar irin wannan mai da aka turo a zaurukanmu na WhatsApp za a goge ta, a kira wanda ya turo a yi masa bayani a keɓe, ba tare da tozartawa ba. Wanda ya riga ya fara sha kuma yana son bari, kada ya ji kunya, ya sami ɗaya daga cikin 'yan uwanmu ma'aikatan lafiya, maganar ba za ta fita ba. Akwai kuma layin NDLEA na kyauta, 0800 1020 3040, na masu neman shawara ne. Za mu rubuta wa shugabannin direbobi da na masu babur da Keke na yankinmu mu nemi su ba mu minti goma a taronsu.

A zama mai zuwa za a auna hawan jini da suga kyauta kafin a buɗe taro, don haka a zo da wuri. Wanda yake da kwalba a gida kada ya ɗauko ta ya biyo titi da ita, ya ɗauki hoton takardar jikinta kawai ya nuna wa mai haɗa magunguna. Iyaye mata da suka ce lokacin taron yana haɗuwa da girkin dare, an ji, an matso da shi zuwa bayan La'asar.

Sakatare,
a madadin kwamitin zartarwa.